Kaifin sikana

Kaifin sikana, wanda masu shagunan kwamfuta suka fi kira da rezolushon, shi ne ma'aunin yawan ɗigon da na'urar sikana ke iya ɗauka daga kowane inci ɗaya na takarda, hoto ko fim ɗin da aka ɗora mata. Ana rubuta shi da lamba tare da haruffan dpi ko ppi, misali 300 dpi, wato ɗigo 300 a tsawon inci ɗaya. Inci ɗaya daidai yake da santimita 2.54. Wannan lamba ita ce kamfanoni ke bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kuma ita ce ta fi rikita masu saye, domin sau da yawa abin da aka rubuta a kwalin ya ninka abin da na'urar ke iya gani a zahiri.

Suna

Hausa ba ta riga ta tsayar da kalma ɗaya ga wannan ma'auni ba. A rubuce-rubucen da aka fassara da na'ura ana yawan cin karo da “ƙuduri”, wanda kuskure ne: ƙuduri shi ne abin da majalisa ke zartarwa ko mutum ke ɗaura wa ransa, kuma ruɗanin ya samo asali ne daga kalmar Turanci guda mai ɗauke da ma'anonin biyu. “Kaifi” ya fi kusa da abin da ake nufi, kamar yadda ake cewa kaifin ido. Shi kuwa ɗigon da ake ƙirgawa, shi ne fiksel, ƙaramin murabba'i mai launi ɗaya wanda da irinsa ake gina hoton kwamfuta.

A ƙa'ida, ppi ne ma'aunin sikana, dpi kuma na firinta, sai dai kasuwa ta haɗe su, kowa yana cewa dpi. Bambancin yana da amfani a wuri ɗaya. Firintar tawada tana fesa ɗigon tawada da yawa kafin ta haɗa launin fiksel guda, shi ya sa ake ganin 1200 ko 4800 a jikinta. Wannan ba ya nufin sai an ɗauki hoto a 4800 kafin a buga shi da ita.

Tarihi

Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta ta hanyar sikana an yi shi ne a shekarar 1957 a hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Russell Kirsch. Hoton ɗansa jariri ne, mai santimita 5 a kowane gefe, an kuma ɗauke shi da fiksel 176 a tsaye da 176 a kwance, abin da bai kai ɗigo 90 a inci ba. A 1969 Willard Boyle da George Smith na Bell Labs suka ƙirƙiro idon lantarki na CCD, wanda ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2009. A tsakiyar shekarun 1970 Ray Kurzweil ya haɗa sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi da manhajar gane haruffa, ya samar da na'urar da ke karanta wa makafi littafi. Na'urar faks, wadda ofisoshi suka daɗe suna aiki da ita, tana aika takarda a kan kusan 204 × 98 dpi, ko 204 × 196 idan an zaɓi mai kyau. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta ƙananan lambobi a takardar faks ya ga iyakar irin wannan kaifi.

Lambobi biyu na jikin kwali

Galibi ana rubuta lambobi biyu, kamar 1200 × 2400. Ta farko tana nuna yawan idanun da aka jera a kan sandar da ke wucewa ƙarƙashin gilashi. Sikanar da faɗin gilashinta ya kai inci 8.5 mai 1200 dpi tana da idanu kusan 10,200 a jere. Ta biyu kuwa tana nuna ƙanƙantar takun da injin ke yi yayin da yake jan sandar daga sama zuwa ƙasa. Rage girman taku abu ne mai araha ga kamfani, ƙara idanu shi ne mai tsada. Saboda haka ƙaramar lambar ce abin dubawa.

Akwai kuma lamba ta uku da wasu kwalaye ke ɗauke da ita, 9600 ko 19200, wani lokaci ma ita kaɗai ake nunawa. Wannan kaifin ƙari ne. Manhaja ce ke duba fiksel biyu na gaske da ke maƙwabtaka, ta ƙiyasta launin da ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta cusa shi. Fayil yana ƙara nauyi, amma babu wani sabon abu da aka gani daga takardar. Harafin da ya dushe a 600 dpi na gaske zai fito a dushe a 19200, sai dai ya fito da girma.

Ko lambar gaskiyar ma ba ta gama faɗin labari ba, domin haske yana bi ta gilashi da madubai kafin ya isa ga idanun, kuma idan waɗannan ba su da inganci hoton ya riga ya dushe tun a hanya. Ana auna ainihin kaifi da wani allo mai ɗauke da layuka uku-uku da ke ta ƙanƙancewa, wanda rundunar sojin sama ta Amurka ta tsara a 1951, har yau kuma da sunanta ake kiransa, USAF 1951. Ana ɗaukar allon, a duba rukunin ƙarshe da ake iya rarrabe layukansa. Gwaje-gwaje irin wannan sun sha nuna cewa sikanonin gida masu iƙirarin dubban dpi ba sa kaiwa rabin abin da suka rubuta.

CCD da CIS

Sikanonin tebur iri biyu ne. Masu CCD suna da kauri, suna amfani da madubai wajen kai haske ga ido, kuma yawanci suna buƙatar a jona su da wuta. Masu CIS sirara ne, idanunsu na dab da gilashi, da yawansu kuma igiyar USB ta kwamfuta kaɗai ta ishe su. Canon CanoScan LiDE 300, mai 2400 × 2400, na cikin rukuni na biyu, Epson Perfection V600 kuma, mai 6400 × 9600 da fitilar ɗaukar fim a murfinsa, na cikin na farko.

Bambancin da lambar dpi ba ta nunawa shi ne zurfin gani. CIS ba ta ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko da kaɗan ne. Idan aka kifa littafi mai kauri, rubutun da ke kusa da ɗinki zai fito a dushe kuma da duhu. Haka ma takardar da ta daɗe a ninke cikin aljihu. CCD tana jure wannan. A ɗaya gefen, inda wutar lantarki ba ta tsayawa, sikanar da ke aiki da batirin kwamfutar hannu tana da darajar da babu lambar da za ta maye gurbinta.

Kaifi da nauyin fayil

Idan aka ninka kaifi sau biyu, fayil yana ninkuwa sau huɗu, saboda ƙarin yana zuwa ne ta tsawo da faɗi a lokaci guda. Takardar A4 tana da milimita 210 × 297, wato inci 8.27 × 11.69. A 150 dpi tana ba da fiksel 1240 × 1754. A 300 dpi tana ba da 2480 × 3508, kusan fiksel miliyan 8.7, wanda a cikakken launi ba tare da matsewa ba ya kai megabait 26. A 600 dpi ya haura megabait 100, a 1200 dpi kuma ya wuce 400, duk a kan shafi ɗaya.

Zurfin launi ma yana shiga lissafin. Baƙi da fari zalla yana cin bit 1 ga kowane fiksel, launin toka mai matakai 256 yana cin bit 8, cikakken launi mai kusan kala miliyan 16.7 yana cin bit 24. Shafin A4 ɗin nan na 300 dpi zai dawo megabait 8.7 a launin toka, da kusan 1.1 a baƙi da fari. Tsarin JPEG yana rage nauyi sosai ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanin, kuma duk lokacin da aka buɗe aka sake adanawa sai ya ƙara zubarwa. TIFF da PNG suna iya adana hoto ba tare da asara ba, shi ya sa ɗakunan adana tarihi suka fi amfani da TIFF.

Nawa ake buƙata

Lambar 300 da ake yawan ambata ba daga sama ta faɗo ba. Idon mai lafiya, a tazarar da ake riƙe takarda don karatu, kusan santimita 30, ba ya rarrabe ɗigon da suka fi kusan 300 a inci matsewa. Don haka ga abin da za a sake bugawa a girmansa na asali, 300 dpi ta wadatar: takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, takardar fili, wasiƙa.

Buƙata tana ƙaruwa ne idan za a faɗaɗa abin. Ƙa'idar ita ce a ninka 300 da yawan faɗaɗawar. Hoton fasfo mai milimita 35 × 45 da ake so a mayar santimita 14 × 18, ninki huɗu ke nan, sai a ɗauke shi a 1200 dpi, ko da yake hoton da aka wanke a takarda ba kasafai yake ɗauke da bayanin da ya wuce na 300 zuwa 600 ba, don haka zai fito da ɗan laushi. Fim kuwa daban ne. Nagatif na kyamarar 35mm yana da milimita 36 × 24 kacal, amma cike yake da bayani. Kafin ya cika takardar A4 sai an faɗaɗa shi fiye da sau takwas, wato kusan 2400 dpi na gaske. Wannan ne kusan kaɗai aikin da dubban dpi ke da ma'ana a cikinsa. Wanda ba shi da tsofaffin nagatif ko silaid ba shi da dalilin biyan kuɗin irin wannan na'ura.

Hotunan jarida da mujalla suna da tasu matsalar. An gina su ne da ƙananan ɗigon tawada, kusan layi 85 a inci a jarida, 133 zuwa 150 a mujalla. Idan jerin idanun sikana ya ci karo da jerin waɗannan ɗigo sai wani zane mai kama da saƙar tabarma ya bayyana a hoton. Yawancin manhajojin sikana suna da maɓallin goge shi.

Haruffa masu lanƙwasa da ajami

Ga rubutun Hausa, batun kaifi ya fi yadda yake ga Turanci muhimmanci. Abin da ya raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, ɗan ƙugiya ne a kan harafi. Masu ɗab'i suna auna haruffa da ma'aunin da 72 nasa ke cika inci ɗaya, kuma a rubutun littafi na yau da kullum ƙugiyar ba ta fi ma'auni ɗaya ko biyu ba. A 100 dpi ma'auni ɗaya bai kai fiksel ɗaya da rabi ba. A 300 dpi ya haura huɗu. A 600 ya haura takwas. Ƙugiyar da aka ɗauka da fiksel ɗaya ko biyu manhajar gane haruffa ba za ta bambanta ta da datti ba. Nan ne ƙasa ke komawa kasa, ƙaya ta koma kaya, ɗa ya koma da. Mai karatu ɗan Adam zai gyara da kansa daga ma'anar jimla, amma mai neman kalma a cikin dubban shafuka ba zai same ta ba. Masu kula da manhajar Tesseract suna ba da shawarar kada a yi ƙasa da 300 dpi, kuma ga ƙananan haruffa irin na ƙamus ko tsofaffin jaridu kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, 400 zuwa 600 ya fi aminci. Akwai kuma harafin ƴ da ake amfani da shi a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Ƙugiyarsa da waƙafin saman duka suna cikin abubuwan da ƙaramin kaifi ke haɗiyewa.

A ajami lamarin ya fi tsanani, domin ɗigo shi ne harafi. A salon rubutun Magariba da malaman ƙasar Hausa suka gada, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Wasalin e ana nuna shi da ɗigo a ƙarƙashin harafi, abin da aka ɗauko daga al'adar rubutun ƙira'ar Warshu. Sau da yawa kuma ana sa wasula da jar tawada. Idan aka ɗauki irin wannan shafi a baƙi da fari, jan ko dai ya ɓace ko ya koma baƙi ya cakuɗe da ɗigon haruffa, kome yawan dpi. Launi a nan ya fi lamba muhimmanci.

Shirin ceto kundaye na ɗakin karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004 kuma ya tallafa wa ayyuka a Najeriya, har da na ɗakin adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, yana neman aƙalla 300 ppi a tsarin TIFF, tare da allon launi da ma'auni a gefen shafi. Ayyuka irin wannan sun fi amfani da kyamara a kafe a sama maimakon sikana, don kada a danne tsohuwar takarda. Littattafan malamai na Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, kamar na sauran Afirka ta Yamma, yawancinsu warwaren shafuka ne da ake ajiyewa cikin tadarishi da gafaka, don haka suna kwanciya a gilashi ba wahala. Abin da bai kamata a yi ba shi ne zura su cikin sikana mai jan takarda da kanta. Shafin da ya bushe yana iya yagewa a ciki, kuma ba lallai a sami kwafi na biyu ba. Tambarin ruwa na cikin takarda, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka yawaita a Arewa, wanda masana ke amfani da shi wajen ƙiyasta shekarun littafi, ba ya fitowa sai an haska takardar ta baya.

A Jibiya da Riko

Ƙaramar hukumar Jibiya a jihar Katsina, wadda Riko ke cikin gundumominta, tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Magama ta shiga Nijar zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. An rufe wannan iyaka tare da sauran iyakokin ƙasa na Najeriya a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta a Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, sannan Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Harkar iyaka harka ce ta takarda: takardun kwastan, takardun mota, lasisin tuƙi, katin rigakafi, rasit. Wasu da Turanci, wasu da Faransanci mai nasa ƙananan alamomi a kan wasula. Ga kuma buƙatun kowane gari, kamar rajistar JAMB da neman aiki ko tallafin karatu ta intanet, inda ake ɗora takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakon WAEC ko NECO.

Ga mai shagon kwamfuta a irin wannan wuri, matsalar yau da kullum kishiyar abin da kwali ke tallatawa ce. Shafukan rajista suna ƙayyade nauyin fayil, sau da yawa da kilobait, kuma layin sadarwa ba ya da tabbas. A watan Satumba na 2021 ma an katse shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Fayil mai nauyi ba zai hau ba, wanda aka matse fiye da kima kuma lambobinsa ba sa karantuwa, 3 ta yi kama da 8, a mayar wa mutum da takardarsa bayan ya biya kuɗin mota daga ƙauye. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauka a 300 dpi a ajiye wannan a matsayin uwa, sannan a fitar da ƙaramin kwafi na 150 ko 200 dpi don ɗorawa. Daga babba ana iya fitar da ƙarami, daga ƙarami ba a dawo da babba.

Takardun kan iyaka kuma suna da abubuwan da baƙi da fari ke kashewa: kwafin kabon da ya koɗe, hatimi mai launin shuɗi ko shunayya da aka buga a kan rubutu, sa hannu da biro, rasit ɗin POS da rana ta cinye. Waɗannan launin toka ko cikakken launi suke so. Don haka ga irin wannan shago 600 dpi na gaske ya isa har ya yi saura, kuma abin da ya fi cancanta a tambaya shi ne saurin ɗaukar shafi a 300, ko na'urar na jan takardu da kanta, da kuma irin wutar da take ci. Ƙurar hunturu ma abin lura ce: ƙwayar ƙura ɗaya a kan siririn gilashin sikana mai jan takarda tana zana layi daga saman shafi har ƙasa, a kowane shafi, har sai an goge.

Mutane da yawa yanzu da waya suke ɗaukar takardunsu. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da fiksel 4000 × 3000. Idan A4 ta cika hoton daidai, wannan ya kai kusan 340 dpi, sai dai karkata, inuwa da rawar hannu suna rage shi. Babbar asarar tana zuwa ne wajen aikawa. Manhajoji irin su WhatsApp suna rage hoton da aka tura a matsayin hoto, kuma idan tsawonsa ya dawo fiksel 1600, kaifin shafin ya faɗo ƙasa da 140 dpi. Tura shi a matsayin fayil yana hana wannan.

Sauran na'urorin da ake kira sikana

Na'urar ɗaukar zanen yatsa, irin wadda ake amfani da ita wajen rajistar NIN da BVN, ita ma da ppi ake auna ta. Ma'aunin da hukumar FBI ta Amurka ta tsayar, wanda ya bazu a duniya, shi ne 500 ppi, akwai kuma na 1000. Manyan sikanonin da hukumomin kwastan ke leƙa cikin kwantena da su ba a auna su da dpi. Ana duba kaurin ƙarfen da haskensu ke iya ratsawa da kuma sirantar wayar da suke iya nunawa, duka da milimita. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu a asibiti kuwa da sauti yake aiki, kuma kaifinsa ya dogara ne da mitar sautin, wadda ake aunawa da megahaz.